KAREN TURAWA KO KAREN GIDA?

Daga Ƙungiyar Matasa Manoma

Mun san wasu za su yi murmushi idan suka ga an ba kare shafi a cikin littafin shekara na makarantar mishan, su ce ko batutuwa ne suka ƙare. Ba su ƙare ba. Amma duk wanda ya zaga gidajen malamai, ko ya bi unguwanninmu da dare a Jos, Kaduna, Kafanchan, Yola, ko ƙauyukan da muka fito, ya san da wuya a wuce gida biyar ba a ji haushi ba. Ɓarayi sun yi yawa, ba kowa ke da ƙarfin ɗaukar maigadi ba, saboda haka kare ya zama maigadin talaka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani yayi da ya shigo mana: mutum ya tashi neman kare, sai ya raina ɗan kwikwiyon da maƙwabcinsa ke ba shi kyauta, ya je ya zuba kuɗi a hannun dillali don dai a ce gidansa akwai "karen Turawa". Ra'ayinmu, ba ɓoye-ɓoye, shi ne ga yawancin gidajenmu, karen gida da aka karɓo daga hannun wanda aka sani ya fi wanda aka sayo a bakin titi da babban suna. Za mu kawo dalilanmu, kuma ba za mu hana masu kiwon karnuka na gaskiya haƙƙinsu ba.

Kafin a tambayi wane iri, a fara tambayar wane aiki. Kowane irin kare da muke jin sunansa, mutane ne suka zauna suka yi ta zaɓen uwa da uba shekara da shekaru har suka sami abin da zai yi musu wani aiki a wata ƙasa. Mu ɗauki wanda ya fi farin jini a wurinmu, wato Alsatian. Asalinsa Jamus ne. A shekarar 1899 wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya sayi wani kare a wurin baje kolin karnuka, ya kafa ƙungiya, ya ce daga wannan kare za a gina irin da zai riƙa kiwon tumaki. Sunansa na gaskiya karen makiyayan Jamus. Ingilishi ne suka laƙaba masa Alsatian bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya domin ba sa son jin sunan Jamus a lokacin, kuma sai a 1977 suka yarda aka koma kiransa da sunansa na asali. Mu dai har yanzu Alsatian muke cewa. To, kare ne da aka tsara don ya wuni yana gudu a bayan garke yana sauraron umarnin makiyayi. Namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40. Irin wannan dabba idan aka ɗaure ta da gajeren sarƙa a gindin mangwaro daga safe zuwa dare, ba mai fita da ita, ba mai koya mata komai, ɗayan biyu ne: ko ta lalace ta zama raguwa, ko ta zama masifa ga mutanen gidan kansu.

Rottweiler kuwa sunan garin Rottweil na Jamus ya ci, inda mahauta suke amfani da shi wajen koro shanu zuwa kasuwa da jan amalanken nama. Boerboel karen gonakin Afirka ta Kudu ne, babbansa ya fi ɗalibin aji ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Sai wanda ake kira Caucasian, wanda ya fito daga duwatsun da ƙanƙara ke rufewa, inda yake tsaron tumaki daga kyarkeci, da gashi mai kauri kamar bargo biyu. A yi tunanin wannan dabba a Numan ko Yola cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mu. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa muke ganinsa da harshe a waje. Idan zafi ya fi ƙarfin hakin, sai ya faɗi. Mutanen Jos da Pankshin da tsaunin Mambila suna iya cewa wannan magana ba ta shafe su ba, kuma da ɗan gaskiyarsu, amma yawancinmu ba a kan dutse muke zaune ba.

Akwai kuma wani abu da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Domin a riƙe kamannin iri ɗaya, akan haɗa karnukan da suke dangi na kusa, kuma duk ɗalibin da ya yi ilimin halittu ya san abin da wannan ke haifarwa: cutar da ke ɓoye a cikin jini sai ta fito fili. Alsatian da Rottweiler sun yi suna da ciwon ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a cikin gurbinsa, kare yana ɗan shekara biyar ko shida sai a ga yana jan ƙafafun baya. Masu gajeren hanci irin su Bulldog da Pug numfashi ma wahala yake yi musu. Abin ya kai har a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙasar Norwe ta hana kiwon wani iri da ake kira Cavalier King Charles Spaniel saboda yawan cututtukan gado da ke tattare da shi. Sannan ga kaska. Akwai wata cutar jini da kaskar kare ke yaɗawa, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa ta fi yi wa Alsatian illa fiye da sauran karnuka. Sojojin Amurka sun ga haka da idonsu a yaƙin Biyetnam, inda ta kashe musu karnukan aiki da yawa. Kaskar nan tana nan a kowane tsakar gida a ƙasarmu.

Yanzu mu dubi namu. Kowa ya san shi: siriri, gajeren gashi, ja ko ruwan ƙasa, kunnuwa a tsaye, wutsiya a lanƙwashe. Ba shi da takarda, ba shi da sunan iri, wasu ma kunyar a gan su da shi suke ji. Amma ba wanda ya zauna ya zaɓi kakanninsa don kyau. Rana ce ta zaɓe su, da kaska, da yunwar bazara. Wanda bai iya jurewa ba ya mutu bai bar baya ba. A 2009 wani masani mai suna Adam Boyko da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan karnukan ƙauyuka a Yuganda, Masar da Namibiya, suka nuna cewa yawancinsu tsohon iri ne na nahiyar nan, ba ɓatattun jikokin karnukan Turawa ba ne, kuma jininsu ya fi na karnuka masu takarda yalwa. Mafarautanmu ba su jira wannan bincike ba. Da karen gida suke shiga daji tun kaka da kakanni, su wuni a rana, ya dawo ya ci tuwo da ƙanzo ya kwanta.

Abin dariyar ma shi ne, wasu daga cikin karnukan da ake alfahari da su a Turai daga wajenmu aka kwashe su. Akwai dogon kare siriri na Buzaye da ke yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali. A shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, aka sa masa suna Azawakh, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi a matsayin cikakken iri. Haka Basenji na Kongo, wanda ba ya haushi sai dai wani irin guɗa, kuma wanda in ka gan shi sai ka rantse karen maƙwabcinka ne. Su suna biyan kuɗin jirgi su ɗauki namu, mu muna biyan kuɗin jirgi mu ɗauko nasu.

Ba mu ce karen gida ba shi da aibu ba. Yana son yawo, in ba a katange shi ba sai ya kwana a unguwa ta uku. Wani yana shan ƙwai, wani yana kama 'yan tsaki, kuma ba shi da girman da zai kayar da ƙato. Mai son manyan karnuka zai ce to ina amfanin maigadin da ba ya iya kama ɓarawo? Amsarmu ita ce, aikin kare a gida irin namu shi ne ya ji motsi ya tashe mai gida da maƙwabta. Ɓarawo ba abin da ya ƙi jini kamar hayaniya, kuma a wajen kunne da hanci da baki ba wanda ya fi ɗan jan karen nan. Babban karen da ba a hore shi ba kuwa, sau da yawa wanda yake fara ji wa ciwo ba ɓarawo ba ne. Yaron maƙwabta ne da ya shigo ɗaukar ƙwallo, ko matan zumunta da suka zo gaisuwa. Gidan Kirista gida ne da ake shiga. Idan har sai Fasto ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙwala sallama minti goma kafin a ɗaure kare a buɗe masa, to ya kamata mai gidan ya sake tunani.

Sai maganar inda za a samo shi. A Ingila da Amurka wannan muhawara ce babba, domin suna da gidajen ajiye karnukan da aka yasar, inda mutum zai je ya zaɓi ɗaya ya riƙe. Wanda ya fi suna shi ne na Battersea a Landan, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa tun 1860. Suna kuma da masu kiwo don sayarwa, nagari da miyagu. Miyagun sukan tara karyoyi a cikin keji suna ta haihuwa ba hutu, kamar kajin gidan gona, su ba 'yan kasuwa su sayar. Da abin ya yi yawa sai hukuma ta sa baki. Tun 2018 dokar Ingila ta hana mai lasisi sayar da kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, ta kuma ce dole a nuna wa mai saye shi tare da uwarsa. A watan Afrilu na 2020 aka ƙara wata doka da ta hana ɗan tsakiya sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba: ko ka je wurin wanda ya kiwata shi, ko ka je gidan ajiya. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma tun farkon 2019 ta hana kantuna sayar da karnukan da aka sayo daga masu kiwo. Mun kawo waɗannan ne domin a ga cewa mutanen da muke sha'awar karnukansu sun riga sun gane dillali shi ne matsalar.

Mu a nan irin waɗannan gidajen ajiya ba su da yawa, kuma 'yan kaɗan da ke akwai suna manyan birane ne. Amma muna da tamu hanyar tun kafin a san da su. Karya takan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta zubo 'ya'ya huɗu, shida, wani lokaci takwas. Mai gida ba zai iya riƙe su duka ba, sai ya sanar da maƙwabta da 'yan'uwa a majami'a, kowa ya zo ya ɗauki nasa, a ba da ɗan abin hasafi ko a yi godiya kawai. A ganinmu babu hanyar da ta fi wannan, kuma dalilin ba arha ba ne kaɗai. Ka san uwar. Ka sha shiga gidan, ka san ko mai faɗa ce ko mai haƙuri da yara, ka san ko tana haushin dare ko barci take yi. Ka san ko an yi mata allura. Idan kwikwiyon ya fara wani hali da ba ka gane ba, ga mai shi nan kusa, ran Lahadi ma za ku haɗu. Halin uwa da irin renon da kwikwiyo ya samu a makonninsa na farko su ne mafi yawan abin da zai zama, kuma duk waɗannan a buɗe suke a gabanka.

Mu kuma tambayi kanmu, 'yan kwikwiyon da ba wanda ya karɓa, ina suke zuwa? Wasu a zuba su a kwali a kai bayan gari. Waɗanda suka rayu su ne muke gani a bola, a bayan mahauta, da bayan kicin ɗin makarantu irin tamu suna jiran a zubar da sauran wake. Ba mai su, ba mai yi musu allura, su kuma su haifi wasu. Duk gidan da ya ƙi na maƙwabci ya je ya sayo na dillali, ya ƙara ɗaya ke nan a cikin wannan runduna.

Akwai wata dama da ba a cika tunawa da ita ba, wato babban kare. Malamai sukan sami canjin wurin aiki, ana ɗauke Fasto daga wannan ikkilisiya zuwa waccan, wani ya koma gidan haya inda ba a yarda da dabba ba. Sau da yawa akan bar kare mai shekara biyu ko uku a baya, wanda ya riga ya san gida, ya daina tauna takalma, kuma halinsa ba ɓoyayye ba ne. Ga tsofaffi ko gidan da kowa ke fita aiki, irin wannan ya fi kwikwiyo sauƙi ƙwarai. Sai dai a nan dole mu ja kunnen 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman ƙananan aji masu tausayi. Karɓar kare daga hannun mai shi daban, tsintar kare a hanya daban. Wanda ba a san inda ya fito ba, kome ƙanƙantarsa, kome kyansa, kada a kai masa hannu, kada a ɓoye shi a ɗakin kwana ana ba shi madara. A gaya wa malami. Idan wani babba ya yi niyyar riƙe shi, sai likitan dabbobi ya fara ganinsa, a ware shi a wuri guda har likita ya ce an tsira. Za a ga dalili nan gaba kaɗan.

To masu kiwo fa, a yi watsi da su ke nan? A'a. Akwai aikin da sai da iri na musamman. 'Yan sanda, kwastan da masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi suna bukatar karen da za a iya hora shi ya shinshino abin da aka ɓoye. Mai babbar gona ko ma'aikata, wanda ke da fili da abinci da mai horarwa, yana da hujjar neman babban kare. Ko wanda kawai yake sha'awa, kuma Allah ya hore masa, ba mu ce ya yi zunubi ba. Abin da muke roƙo shi ne ya je wurin mai kiwo na gaskiya, kuma gane shi ba wuya. Zai ce ka zo gidansa. Zai nuna maka uwar tana tare da 'ya'yanta, ka ga inda suke kwana, ka ji warin wurin da hancinka. Ba zai ba ka kwikwiyo ba sai ya cika mako 8, ko da ka matsa. Zai miƙo maka katin asibiti mai hatimin likita da ranar da aka yi allurar farko da ranar da aka ba da maganin tsutsa. Kuma, abin da ya fi nuna shi, zai juyo ya yi maka tambayoyi: gidanka da katanga? Akwai ƙananan yara? Wa zai riƙa fita da shi? Wanda ya damu da inda dabbarsa za ta je, ya damu da yadda ya rene ta.

Dillali kuwa ba ruwansa da wannan. Shi ne mai ɗaga kwikwiyo sama a cikin cunkoson motoci, ko mai turo maka hoto ta waya ya ce ka aiko kuɗi a saka maka shi a mota. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Kwikwiyo ɗan mako huɗu, kusan duk kamanninsu ɗaya: ƙaton ciki, gajerun ƙafafu, baƙin baki. Sai ya kai wata shida gaskiya ta fito, a ga "Alsatian" ɗin da aka saya da kuɗin da ya isa biyan makarantar yaro ya tsaya a tsayin karen gida, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Daga nan sai mai shi ya huce haushinsa a kan dabbar da ba ta yi masa ƙarya ba, ya daina kula da ita. Wannan ma in ta rayu ke nan. Akwai wata cuta da ake kira parvo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini har ya bushe cikin 'yan kwanaki. Inda aka tara 'yan kwikwiyo daga gidaje daban-daban a keji ɗaya, kuma aka raba su da nonon uwa da wuri, nan ne gidanta. Ƙwayar cutar takan zauna a ƙasar tsakar gida watanni da yawa, ta yadda ko an kawo wani sabo shi ma sai ta kama shi. Mutum ya yi asarar kuɗin saye, ya yi asarar kuɗin ƙarin ruwa a asibiti, yara su yi ta kuka, a koma neman wani: tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ko saye aka yi ko kyauta aka samu, kuɗin ranar farko shi ne mafi ƙanƙanta. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, wani ya wuce. Wato kwikwiyon da aka kawo gida shekarar da yaro ya shiga aji ɗaya zai iya kasancewa a raye ranar da yaron ya gama jami'a. A duk tsawon wannan lokaci sai ya ci kullum, ya sha ruwa mai tsabta, a cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsa, a kai shi allura. Kare mai kilo 50 ba ya rayuwa da ƙanzo. Muna ganin bai dace ba a gidan mai bi a ce kare yana cin naman da yaran gida ba sa gani sai ranar Kirsimeti, ko a koro yaro saboda kuɗin makaranta alhali an sayo buhun abincin kare. Haka kuma bai dace ba a karɓi na kyauta a sake shi ya nemi abincinsa a juji don ba a biya komai a kansa ba. Littafin Farawa ya nuna cewa Allah ya danƙa dabbobi a hannun mutum, kuma Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamomin mai adalci. Wanda ba zai iya ba, ya haƙura. Rashin kare ba abin kunya ba ne.

Mun bar magana mafi nauyi zuwa yanzu, wato ciwon haukan kare. Wannan cuta ba ta san Alsatian ba, ba ta san karen gida ba, ba ta duba takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ƙannenmu da 'yan ƙananan ajinmu. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Ƙwayar tana cikin yawu, tana shiga ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, lokacin ciwon ya warke, kowa ya manta. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, kusan ba wanda ke tashi. Shi ya sa muka ce kada a tsinci kwikwiyo a hanya, kuma shi ya sa sayen kare a kasuwar da ake tara su daga garuruwa masu nisa yake da haɗari: dabba tana iya ɗauke da cutar alhali a ido lafiyarta ƙalau.

Abin takaicin shi ne rigakafin yana kusa da mu. Louis Pasteur ya fara ceton ɗan adam da allurarsa a Faransa tun 1885. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take wurin tun 1924, tana yin allurar rigakafin wannan cuta don karnuka. Kwikwiyo yana cika wata 3 a yi masa, sannan a riƙa maimaitawa kowace shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta rabu da haukan kare da ake ɗauka daga karnuka. A wajenmu, karen gida mai katin allura ya fi Rottweiler maras kati daraja sau dubu. Idan kuwa tsautsayi ya faɗa, kare ya ciji wani, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa maganin gargajiya ko ɗaure wurin da tsumma. Idan karen na gida ne a tsare shi a sa masa ido kwana 10, amma kada a ce sai kwanakin sun cika kafin a ga likita. Ɗalibi kuma kada ya ɓoye cizo don tsoron a yi masa faɗa.

Muna da roƙo biyu ga hukumar makaranta da dattawan ikkilisiya. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ana kiyaye ta tun 2007, kuma ta zo daidai da ranar mutuwar Pasteur. Ba zai gagara ba a gayyaci likitan dabbobi sau ɗaya a shekara a wajen wannan lokaci, a yi sanarwa a majami'a mako biyu kafin nan, kowa ya kawo karensa filin makaranta a yi masa allura, a kuma yi wa masu so bayanin fiɗiye namiji da aikin hana mace haihuwa, domin a rage 'yan kwikwiyon da ake rasa masu karɓa. Mu za mu ɗauki nauyin rubuta sunaye da jera layi. Na biyu, duk malami ko ma'aikaci ko ɗan ikkilisiya da karyarsa ta haihu, ko wanda zai tashi ya rasa inda zai bar karensa, ya sanar da malamin aikin gona. Za mu manna a allon sanarwa na bakin ɗakin taro, da ranar haihuwar 'yan kwikwiyon da ranar da za su cika mako 8, domin mai bukata ya je ya ga uwar da idonsa kafin ya ɗauka.